Taken Baba

Unguwar Dattijo,
Ta Bunkure.
4 ga Oktoba, 1987.

Zuwa ga Yayana Hambali,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri zuwa gare ka, da mai ɗakinka Sa'adiya, da yara baki ɗaya. Ina fata kuna lafiya, kuma aikin masaƙa yana tafiya yadda ake so. Mu nan gida sai godiyar Allah. Gero ya shiga rumbu, dawa ta kusa, hankalin kowa ya koma kan ranar da za a sako ruwan noman rani.

Abu biyu ne suka sa na rubuto maka, ɗaya labari, ɗaya damuwa. Bari in fara da labarin, shi ya fi sauƙin faɗa.

Makon jiya ƙaramar hukuma ta turo mana wani malamin lafiya a kan babur, da lasifika da damin fosta, ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Ya ce an fara gangamin wayar da kai a kan shan ƙwaya, kuma ba a so a bar wa 'yan sanda aikin, so ake kowace ƙungiya ta gari ta ɗauki nata kason. Nan take aka kafa kwamiti. An sa liman, an sa ƙungiyar manoman rani da ta samari, da 'yan kamashon tasha, da Indo ungozoma a madadin mata. Har Gidaɗo bafulatani aka kirawo daga ruga, ya zo ya tsuguna a gefe da sandarsa. Ka san halin garinmu, duk wanda aka ga biro a aljihunsa shi ne sakatare, saboda haka ƙaninka malamin firamare ya samu muƙami ba tare da ya nema ba.

Da aka zo kan shugaba ba a yi gardama ba. Liman ya ce wa za a sa a gaba in ba Malam Ibrahimu Barde ba, mutumin da ya haura sittin amma har yau babu saurayin da ke shan gabansa a gayya? Ya ce ga shaida nan ga matasa cewa ƙarfi daga Allah yake, ba daga leda ba. Baba ya karɓa ba tare da ya yi murmushi ba, ya ce shi dai a duniya babu abin da ya tsana kamar lalaci. Ni kuma na rubuta.

Yanzu ga damuwar. Yaya, Baba yana shan ƙwayar.

Iya ce ta gaya mini, kwana biyu bayan taron, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce rani uku ke nan. 'Yar farar nan ce da ake kira a-ji-garau, wadda masu tire ke sayarwa ranar kasuwa tare da maganin ciwon kai. Shi yake kawowa, ita kuma ta murƙushe masa a ludayi ta zuba a kununsa duk ranar da zai yi babban aiki. Da guda ɗaya ce, yanzu biyu, kuma yanzu kowace rana ta zama ranar babban aiki. Na tambaye ta ko ya san ita ce abin da muka taru a kanta. Ta ce sarai ya sani. Wai ya ce mata wanda ya sha don ya zauna a tasha yana zare ido ɗan iska ne, wanda kuwa ya sha don ya ci da iyalinsa manomi ne, kuma kada ta ƙara haɗa shi da 'yan tasha.

Da ta faɗa sai na fara ganin abin da na daɗe ina kallo. Ya rame, wuyansa duk jijiya. Tuwo sai ya yi loma uku ya ture. Muƙamuƙinsa ba ya tsayawa, sai ka ce yana tauna goro alhali babu komai a bakinsa. Na lallaɓe shi na kai shi ɗakin shan magani da sunan ciwon baya. Malamin asibitin ya ja ni waje ya ce zuciyar tsohon nan tana bugawa kamar ta wanda ya taho da gudu daga Kura, kuma in ya ci gaba a haka, ba ya tsammanin zai ga girbin alkama a tsaye.

Ni bakina ya yi nauyi. Kai ne babba, kuma ko da yake ba ya kiran sunanka, yana jin nauyinka fiye da na kowa. In za ka samu kwana biyu ka zo, ka zo. In ba hali, ka rubuto masa, ni zan karanta masa kamar ban san abin da ke ciki ba.

Iya tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Ka huta lafiya.

Ni ne ƙaninka,
Sammani.


Unguwar Dattijo.
25 ga Oktoba, 1987.

Zuwa ga Yaya Hambali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina sanar da kai takardarka ta iso hannuna ta wajen direban Garun Malam, tare da kwalbar maganin ƙarin jini da ka aiko wa Baba. Ya yi godiya, ya ɗora ta a kan taga, tana nan a rufe. Na fahimci uzurinka na aiki. Na kuma ga inda ka ce ni ne malami, ni na san yadda ake magana. Yara 'yan aji huɗu nake koyarwa, Yaya, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya haife ni.

Tunda ka tambayi yadda gangamin yake tafiya, ga shi kamar yadda yake a littafina.

Liman ya yi huɗuba Juma'a biyu a jere. Ya fi ƙarfi a kan giya da wiwi, abubuwan da a garin nan sai ka hau mota kafin ka same su, saboda haka kowa ya gyaɗa kai hankali kwance. Samari sun yi wasan kwaikwayo a filin makaranta, sun fito da wani ɗan tasha mai yagaggen wando yana dambe da jaki. An yi dariya har da riƙe ciki. Baba yana kujerar gaba, ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. 'Yan kamasho kuwa sun fi kowa zafi, sun fatattaki masu tire daga tasha da bulala. Yanzu masu tiren sun koma kan kekuna suna bin bakin hanyar ruwa gona gona, wato mun rage wa manomi tafiya.

Gidaɗo bai yi dogon jawabi ba. Ya ce samarinsu suna sha ne in za su kora shanu kasuwar Wudil a ƙasa, don su isa da wuri. Ya ce daga yanzu za su riƙa tashi kwana ɗaya kafin lokaci, su yada zango a hanya. Ya faɗi haka ya koma ya tsuguna. Da na duba littafina daga baya, na ga a duk taron shi kaɗai ya kawo abin da mutum zai iya tashi gobe ya yi.

Sai kuma Indo ungozoma. Daga bakin zaure ta yi magana, amma har na bayan gida ya ji. Ta ce ku maza kuna ta neman ƙwaya a tasha, alhali tana cikin ludayinmu. Ta ce wane mai gona ne a nan bai taɓa miƙa wa matarsa ƙulli ya ce a zuba a kunun 'yan gayya ba, don a gama masa aiki kafin azahar? Wai in akwai shi ya ɗaga hannu ta gani, ita ce dai ta yanke wa rabinsu cibiya. Babu wanda ya ɗaga, kowa ya shiga duban yatsun ƙafarsa. Ta ce mata sun yanke shawara, daga yau kunun gayya a gidanta za a dama, mata uku a kan tukunya, kuma namiji ba zai matso kusa ba. Baba ya yi gyaran murya ya ce a rubuta. Na rubuta.

Game da shi kuwa, na gwada sau ɗaya. Na same shi bayan la'asar a gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar garma. Na gaishe shi, na zauna, na ce Baba akwai wata magana. Ya ce yana ji. Muka yi rabin awa muna zancen taki da irin alkama, na yi masa sai an jima.

Iya ta fi ni ƙarfin hali. Ta daina zuba masa kwana uku ba tare da ta faɗa ba. Ya yi ta barci kamar an jefar da buhu, in ya farka kuma faɗa da kowa, har da awaki. Da ya gane, ya ce ta mai da shi tsohuwa. Rana ta huɗu ya tafi kasuwa ya sayo wata, bai miƙa mata ba. Yanzu a naɗin hularsa yake ajiye ta, ya afa da ruwan buta. Da mun san adadin da yake sha, yanzu ko wannan ba mu sani ba. Iya ta yi kuka, ni kuma na ji tsoro, don na ga duk inda muka taɓa sai abin ya ƙara lalacewa.

Kwamiti ya tsai da ranar Asabar sha huɗu ga watan gobe don babbar gayya. Za a ja fangalin alkama a gonar Adama, matar marigayi Baballe, wanda ya faɗi a gona bara. Kowa zai yi alkawari a gaban liman cewa bai sha komai ba, malamin lafiya kuma zai zo ya gani da idonsa cewa ana iya aiki haka. Baba ne zai ja layi, kamar kullum. Ban san yadda za a ƙare ba. In bai sha ba zai kunyata a gaban gari, in ya sha kuwa ka ji abin da malamin asibiti ya ce.

A gaida Sa'adiya da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Sammani.


Unguwar Dattijo.
8 ga Nuwamba, 1987.

Yaya Hambali,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun yi Mauludi lafiya, kuma tarin da ka ce ƙaraminku yana yi ya sake shi. An sako ruwa tun shekaranjiya, hanyar ruwa ta cika har baki.

Na yi wani abu, kuma gara ka ji daga bakina.

Ranar Alhamis na hau keke na je gidan Tambaya makaɗi, don in sanar da shi ranar gayya a madadin kwamiti. Na same shi yana ɗaure fatar ganga. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, ɗan Barde, kun zagaya gari kaf kuna neman mai sayar da ƙwaya, kun tsallake babban dillalinta. Na ce wa ke nan? Ya ɗora hannu a kan gangar.

Ka daɗe a birni, bari in tuna maka yadda abin yake. Kowane gwanin noma yana da takensa. Wanda ya fita gaba a layi, shi ake kaɗa wa nasa, ana yi masa kirari, mata suna guɗa daga bakin gona. In wani ya wuce shi, ganga ta sauya take nan take, kowa kuma ya ji ta sauya. Tambaya ya ce a da, mutum in ya fara manyanta, takensa yakan ragu a hankali, yau a ji shi sau biyu, baɗi sau ɗaya, har ya koma inuwa yana nuna wa yara inda layinsu ya karkace, kuma ba wanda yake ganin abin kunya ne. Ya ce tun da farar ƙwayar nan ta shigo, babu wanda ya yarda ya tsufa.

Ya ba ni labarin Baballe. Ya ce takensa yake kaɗawa lokacin da ya kife a cikin fangali. Ya zaci tuntuɓe ne, har ya ƙara bugu uku yana yi masa kirari ya tashi. Mutane suka ce ajali, shi ma ya ce ajali, amma ya ce bugu ukun nan har yau suna kunnensa.

Ban shirya ba, maganar ce ta fito. Na roƙe shi ranar Asabar kada ya kaɗa taken kowa. Ya yi kiɗan aiki kawai, bai ɗaya ga kowa, ba suna ba kirari. Ya ce shekara arba'in yana kaɗa wa Baba take, tun suna samari, kuma in ya yi shiru ranar, daidai yake da ya mare shi a tsakiyar kasuwa. Na ce masa na fi son in ga an mare shi da in ga an ɗauke shi a makara. Ya ce to, ya ji, amma in sani cewa ni da shi za mu ɗauki abin da zai biyo baya.

Ban kai maganar gaban kwamiti ba, tunda ka san wanda ke kan kujera. Ba ta cikin littafi. Iya ma ban gaya mata ba. Kai kaɗai ka sani, kuma kafin amsarka ta iso an riga an yi, saboda haka ba shawara nake nema ba. Ka taya mu da addu'a.

Naka,
Sammani.


Unguwar Dattijo.
15 ga Nuwamba, 1987.

Zuwa ga Yaya Hambali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. An yi gayya jiya, kuma babu wanda ya faɗi. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta.

Mutum sittin da 'yan kai suka fito da garemani tun hantsi bai yi ba. Liman ya tsai da su a bakin gona, kowa ya yi alkawari, Baba ne ya fara. Indo da matanta suka kawo kunu a manyan tukwane, ta tsaya a kai da muciya kamar mai gadin banki. Malamin lafiya ya kafe baburinsa a inuwa ya fito da littafi. Ni ina kusa da Baba lokacin da ya tuɓe riga ya rataye a reshe. Na dubi idonsa, na dubi muƙamuƙinsa, na san ya sha tun daga gida. Ban taɓa jin Baba ya yi alkawari ya saɓa ba sai jiya.

Aka ja layi, Tambaya ya saki ganga. Kiɗa ne mai daɗi, mai sa kafaɗa motsi, amma ba na kowa ba ne. Da farko ba wanda ya lura. Baba ya fita kamar an sako shi, ƙasa tana tashi ta bayansa, kafin samari su kai rabi ya isa ƙarshen layi. Ya miƙe, ya dogara garma, ya juyo yana jira. Tambaya ya kafa ido a kan hanyar ruwa ya ci gaba da kiɗansa. Matan da suka ɗaga hannu za su yi guɗa suka tsaya, don ba a guɗa sai ganga ta kira suna. Ban san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. A agogo ba zai kai minti ɗaya ba.

Ina jin ya ɗauka Tambaya bai gan shi ba ne. Ya kama layi na biyu da ƙarfin da ya fi na farko, ina jin numfashinsa daga inda nake. Ya sake riga kowa. Wannan karon har ya ɗaga garmar sama, yadda yake yi tun muna yara. Tambaya bai juyo ba. Na ga gumi yana zuba daga haɓarsa a kan fatar gangar, amma hannunsa bai sauya ba. A lokacin kowa ya gane. Samari suka sunkuyar da kai suna aiki, babu mai son a ce ya kalli tsohon.

A layi na uku ya yi sara kamar goma, ya tsaya. Ya kwantar da garmar a kan ƙasa a hankali, ya je ya ɗauki rigarsa, ya bi bakin hanyar ruwa ya nufi gida. Ba wanda ya iya kiransa. Ni ma ban bi shi ba. Tausayinsa ya kama ni, amma duk da haka ban ji ina so a mai da hannun agogo baya ba.

Aikin da aka saba gamawa da azahar sai da ya kai la'asar. Mutane sun yi ta ƙorafin gajiya, wasu suka kwanta a gindin bishiya suna nishi, amma an ja wa Adama fangalinta tsaf, ta fito tana ta sa albarka. Malamin lafiya ya cika shafi biyu, ya ce zai kai sunan garinmu gaba. Ya nemi shugaba ya rufe taro, na ce ba ya jin daɗi. Liman ya rufe da addu'a.

Garmar ni na ɗauko ta na kawo gida. Na jingine ta a zaure inda Baba yake ajiye ta. Ya wuce ta sau biyu yau zuwa masallaci.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Sammani.


Unguwar Dattijo.
13 ga Disamba, 1987.

Zuwa ga Yayana Hambali,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Sa'adiya da yara. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, jarrabawar ƙarshen zango ce ta riƙe ni, ga kuma gona. Sanyi ya sauka sosai, alkama ta fito kore shar.

Ka tambaye ni jikin Baba. Ya daina. Ba wanda ya ce ya daina, Iya ce dai ta ga ƙullin ƙwayar a cikin toka washegarin gayya. Mako biyun farko sun yi wuya, barci da ciwon jiki da ƙin magana. Yanzu yana cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, wuyansa ya fara cikowa. Malamin asibiti ya sake auna shi ya ce zuciyar ta sauko, in aka ci gaba a haka babu abin tsoro. Iya har ta yi sadakar waina.

Baba ya aika wa mai unguwa cewa a nemi wani shugaban, an ba liman. Kwamiti yana nan yana aiki. Dokar kunu ta zauna, don babu namijin da ke son haɗuwa da bakin Indo. An yi gayya uku bayan tamu, duk babu take, kuma mutanen wani ƙauye ta wajen Madobi sun aiko suna tambayar yadda muka yi. Samari suna gunaguni wai gayya ta zama lami, wasu ma sun daina zuwa. Masu kekuna ba su ɓace ba, amma sun ragu.

Baba bai ƙara taɓa garma ba. Ya ce wa Iya ta gaya mini gonar tana hannuna, in yi yadda na ga dama. Da safe yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya zauna a rana, mutane suna wucewa gona suna gaishe shi yana amsawa. Tambaya ya zo sau biyu, ya ce masa shi kaɗai ya yanke shawarar, babu ruwan kowa. Baba ya ce ya ji, ya kuma tambaye shi ko kekena da aka gani a ƙofar gidansa ranar Alhamis ɗin nan shi ma shi kaɗai ya kai kansa. Tun ranar Tambaya bai dawo ba.

Ni bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi jin daɗi. Ina gaishe shi da safe ya amsa, ya tambaye ni makaranta, ya sa mini albarka kamar yadda ake sa wa ɗan maƙwabci. Abin da na roƙa Allah ya ba ni, Yaya, Baba zai ga girbin alkama in sha Allahu. Amma ina kewarsa, alhali ga shi nan a ƙofar gida.

Ka ce masaƙa za ta ba ku hutun ƙarshen shekara. Don Allah wannan karon ka zo. Kada ka wahalar da kanka da tsaraba. In ka zo kuma, kada ka ce masa ya yi ƙiba, kada ka ce hutu ya karɓe shi, kowa abin da yake faɗa masa ke nan. Ka zauna kusa da shi ka tambaye shi kwana nawa ya kamata a bari tsakanin ruwa da ruwa a irin wannan sanyin, ko da ka sani. Wataƙila kai ya gaya maka. Ni na tambaye shi makon jiya, ya ce in duba takardar malamin gona.

Sai mun gan ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ne ƙaninka,
Sammani.